Yalon da Na Ajiye wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka dawo mini da matata Luba daga wankan jego ba. Ko yanzu in na tuna, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni malamin makaranta ne a Yelwa, Turanci nake koyarwa. Mahaifina ɗan tireda ne, a bayan kantar shagonsa na girma, ban taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki ba. Luba kuwa 'yar Warra ce, babanta manomin albasa ne a bakin tafki.

Abin ya faro ne daga wani wake da na sayo. Muka ci da rana, kafin la'asar ni da Luba muna layin bayi, ga ta da tsohon ciki. A asibiti aka ce wataƙila maganin ƙwari ne aka zuba wa waken. Na tsorata sosai. Na dinga kallon bidiyo a waya har na gano wani abu wai shi oganik, wato abincin da ba a sa masa takin zamani ko feshi ba. Da na je Birnin Kebbi taro na leƙa wani babban kanti, na ga tumatir huɗu a leda mai kyau, na karanta farashin, na ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

Sai na ce ai ni ma zan iya. Da Luba ta tafi gida haihuwa, na kafta filin bayan ɗakinmu (hannuna ya yi kanta, na nuna wa duk malaman makarantarmu). Na sayo irin yalo a kasuwa. Na hau babur har wata ruga a hanyar Shanga na roƙo buhun kashin shanu. Na zuba, na shuka, na bi da ruwa safe da yamma.

Bayan kwana goma tsiro iri biyu suka fito. Wasu ƙanana, a raunane, kamar ba sa son duniya. Wasu kuwa kore shar, masu faɗin ganye, kullum sai sun ƙara tsawo. To, kai da kanka, wanne za ka ce ciyawa ce? Na tsuguna na cire raunanan nan ɗaya bayan ɗaya, na bar masu ƙarfin.

Suka girma har ƙuguna. Suka yi fure fari dogo kamar kakaki. Suka yi 'ya'ya kore, zagaye, masu ƙaya a jiki. Ƙayar ta ɗan dame ni, ba zan ɓoye ba. Amma sai na ce wa kaina ai haka yalo na asali yake kafin sinadarai su lalata shi. (Ka ji malami.) Ban ɗanɗana ko ɗaya ba, don na ƙudura cewa surukina, babban manomi, shi zai fara ci.

Ranar ta zo. Mota ta sauke Luba da jaririyarmu, da kakarta, tsohuwa mai tsokana wadda tun aurenmu take kirana mijinta. Baba, wato surukina, shi ma ya biyo su don ya kawo albasa kasuwa. Mata suka shige ciki, shi kuma ya zauna a tabarma a zaure tare da abokansa manoma biyu.

Na kai ruwa. Sannan na koma na tsinko 'ya'yan nan guda bakwai, na wanke, na jera a farantin tangaran na kayan auren Luba. Na durƙusa na ajiye a gabansa.

"Baba, ga ɗan abin da nake nomawa a bayan ɗaki."

Baba ya dubi farantin. Ya dubi abokansa. Ɗayansu ya kawar da kai yana gyara hula, ɗayan ya kama tari. Ni kuwa na ɗauka mamaki ne ya kama su.

Can Baba ya ce a hankali, "Malam, tun yaushe ka hwara wanga abu?"

"Wata uku ke nan, Baba. Tun da Luba ta tafi."

"Kaɗaici na ya kai ka?"

"Har da shi," na ce ina murmushi. "Amma gaskiya yanzu na saba. Safe da yamma ina kansa. In ban leƙa shi ba ko barci ba na iyawa."

Baba ya yi salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe.

"Ina so in koya wa Luba ma. Kuma na yi wa shugaban makarantarmu magana, in ya yarda zan fara da 'yan aji uku."

"Ɗiyan mutane?" in ji Baba.

Daidai nan Kaka ta leƙo zaure neman buta. Idonta ya faɗa kan farantin. Ta dafa bango.

"Wa ya kawo zaƙami gidan jikata?"

"Kaka, yalo ne," na ce. "Oganik."

"Yalon gidanku! Wanga zaƙami na, mijina! Shi 'yan iska ka zuba ma mutane ga hura wurin biki su kwana suna hira da bango!"

Wallahi na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Duk maganganun da na yi suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da safe da yamma, da rashin barci, da 'yan aji uku. Ina durƙushe, na rasa ko in tashi ko in kwanta.

Kaka ta ja ni bayan ɗaki, kowa ya biyo, har Luba da jaririya a kafaɗa. Ga lambuna nan, layi biyar, ko ciyawa ɗaya babu. Na yi bayanin iri da taki da raunanan da na cire. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Waɗanda ka tumɓuke su na yalon. Wanga cikin takin ya zo."

Sai ya fara dariya. Ban taɓa ganin haƙoran surukina ba sai ranar. Ya zauna a kan turmi yana share hawaye yana cewa, "Alhamdu lillahi, ashe rashin sani na! Ni har na hwara tunanin yadda zan koma da ɗiyata." Luba ta miƙa wa Kaka jaririya don kada dariya ta sa ta yar da ita. Abokin Baba mai tari ya zagaya layukan ya ce shekara arba'in yana noma, bai taɓa ganin zaƙamin da ya samu gata irin wannan ba.

Kafin azahar muka tumɓuke shi duka muka ƙone. Da za su tafi Baba ya ce in zo Warra ranar Asabar. Na je. Ya zagaya da ni wani ɗan lambu a bakin ruwa da ya keɓe don cin gida: alayyafo, kuɓewa, tumatir, yalo na gaske, duk da takin dabbobinsa. Shekara huɗu ina auren 'yarsa ban taɓa tambaya ba. Yanzu duk mako kwando na zuwa mana a motar kasuwa, ni kuma ina zuwa hutu in taya shi ban ruwa. Cire ciyawa ne dai har yau bai yarda ya bar mini ba.

Abin da na koya shi ne, in ka fara aikin da ba ka iya ba kuma ka ga yana yi maka kyau fiye da kima, ka kira wani ya duba maka tun kafin ka ɗauko farantin tangaran.