Daraktan da Ya Hana Allo Yin Ja

A taya ƙasar nan murna, don ta yi dace da mutum. Ba kowace al'umma ake ba irin Muƙaddashin Daraktan Cibiyar Sadarwar Jami'o'i ba, gwarzon da ya ɗauki ilimin ƙasa kacokan ya saɓa a kafaɗa, kuma kwat ɗinsa bai ko yamutse ba. Cibiyar ita ke kula da babbar wayar faiba da ta ratsa ƙasar daga wannan baki zuwa wancan, ta haɗa jami'o'i arba'in da biyu da ɗakunan bincikensu da na karatu. Masana na kiran wayar ƙashin baya. Tun ranar da ya ji sunan ya ƙwace shi, har in yana jawabi ba ka gane ko wayar yake nufi ko kansa. Ma'aikata kuwa, a bayan idonsa, Kore Shar suke ce masa.

Iliminsa na aikin ba a magana. An taɓa miƙa masa guntun faiba ya gani, ya juya shi sau biyu, ya ce a mayar wa mai shara tsinken tsintsiyarta. Amma babba ai ba sai ya san waya ba, yana da waɗanda suka sani.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, kalmar nan "muƙaddashi". Shekara biyu tana manne da muƙaminsa. In ana gabatar da shi a taro aka zo kanta, sai ya yi tari don ya danne ta. Hukumar gudanarwa ta ce za ta zo ƙarshen shekara ta ga aikinsa da idonta, daga nan ko a tabbatar da shi ko a nemo wani. Tun daga ranar bai sake kallon komai ba sai ya auna ko zai taimaka a goge kalmar.

Ɗakin sa-ido yana bene na biyu, sanyi ƙarara saboda na'urori. Allo ya cinye bango guda, ɗauke da taswirar ƙasar da layukan wayar. Layin da ke lafiya kore ne, wanda ya yanke sai ya koma ja. Injiniyoyi shida ke zama gabansa, shugabarsu wata mace ce marar yawan magana, shekararta goma sha huɗu a wurin, ta san kowace gada da kowane kwalbati da wayar ta bi ta ƙarƙashinsa. A kan teburinta akwai wata tsohuwar tarho mai igiya. Duk jami'ar da layinta ya mutu, nan take bugowa.

Ita wannan tarho ce ta fara shiga uku. Kore Shar ya shigo wata safiya ya same ta tana ruri, ya tara ma'aikata ya gyara ɗamarar wuyansa.

"Mu ne ƙashin bayan ilimin ƙasa," in ji shi, "amma ana bugo mana waya sai ka ce shagon gyaran famfo. Daga yau an wuce wannan zamani. Mai ƙorafi ya shiga shafinmu, ya cike fom, a ba shi lamba. Haka ake yi a duniyar da ta ci gaba, na je na gani."

Aka cire tarho aka kai sito. Shafin ƙorafin kuwa, saboda tsaro, ya sa aka rufe shi ta yadda ba a shigarsa sai ta kan wayar cibiyar ita kanta.

"Yallaɓai," in ji babbar injiniya, "wanda layinsa ya yanke, ta ina zai shiga shafin?"

Ya yi mata murmushin tausayi. "Injiniya, bambancinmu ke nan. Ke kina tunanin waya, ni ina tunanin tsari."

Tsari kuwa ya yi aiki. A wata na farko ƙorafi ya faɗo daga ɗari da wani abu zuwa sifili. Ya sa aka buga wannan a takarda mai ƙyalli, da hotonsa a sama yana kallon nesa.

Saura allo, wanda bai san girman manya ba. Rannan ya kawo baƙi yana nuna musu ɗakin, yana cikin cewa babu ƙasar da ta kai mu, sai wani layi ya yi jawur daidai saman kansa. Baƙi suka yi ta kallon layin, suka bar shi da bayaninsa. Suna fita ya rufe ƙofa.

"Ja zargi ne," in ji shi, yana buga tebur da yatsa. "Zargi kuwa sai da mai ƙara. Wa ya ba na'ura hurumin ta zargi cibiya? Daga yau layi ba zai yi ja ba sai akwai lambar ƙorafi da ta tabbatar da shi."

Aka gyara allo yadda ya ce. Tun daga ranar ya zama kore shar, safe da yamma, ruwa ko iska. Injiniyoyi suka mayar da taswirar gaskiya kan wata tsohuwar kwamfuta da suke ajiyewa a aljihun tebur, suna leƙawa suna jan tsaki. Yankewar kusa sukan je su gyara da ƙafarsu ba tare da ya sani ba. Ta nesa kuwa sai da motar cibiya, mota sai da sa hannunsa, kuma a takardar neman mota ya ƙara wani gurbi a sama: lambar ƙorafi.

Ana nan, masu aikin hanya suka sa katafila suka tsinke wayar a can wajen ƙarshenta. Jami'o'i tara suka ɗauke ɗif. Sau huɗu injiniya na kai masa takardar mota, sau huɗu yana dawo da ita da jan biro a gurbin da ba a cike ba. A na huɗun har ya yi mata nasiha, ya ce ta rage ɗaukar jita-jita.

A jami'ar da ke can ƙurya akwai yayarsa, farfesa ce mai binciken cutar shuka, ita ta riƙe shi ta sa shi makaranta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta yi ta kiran wayarsa ta hannu. Yakan ga "Yaya" a fuskar wayar, ya kife ta. Ya san halin dangi, da sun ga nasu ya hau sai su nemi a yi musu ta bayan gida. A teburin cin abinci ya bayyana wa matarsa cewa shugaba na gari ba shi da yaya, tsari kawai yake da shi. Matar ta ce to, ta ci gaba da yanka wa ɗiyarsu farce.

Ranar zuwan hukuma aka goge ɗakin sa-ido har yana ɗaukar ido. Aka rataya ƙyalle sama da allo: KWANA ƊARI UKU BABU ƘORAFI. Shugaban hukumar, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, ya zauna a gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi, mutum biyar na bayansa. Kore Shar ya tsaya gaban korensa ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ban gaji cibiya ba, na gaji hayaniya. Yau ku saurara. Kun ji wani abu? Wannan shirun da kuke ji, shi ne jami'o'i arba'in da biyu suna cewa mun gode. Ba na son yabon kai, amma tarihi ba zai yafe mini ba in na yi shiru."

Ya kai minti arba'in bai yi shirun ba. Yana cikin bayyana yadda ƙasashen waje za su turo mutane su koya a wurinsa, sai aka turo ƙofa. Wata dattijuwa ta shigo da jakar tafiya a hannu, mayafinta ya yamutse, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota. Sakatare na biye da ita yana ba ta haƙuri.

"Auta," in ji ta.

Shekara talatin ba wanda ya kira shi haka a gaban mutane.

"Yaya, muna cikin taro ne, in kin ɗan jira a..."

"Na jira. Kwana ashirin da uku na jira." Ta juya ga dattijon ta gaishe shi da girmamawa. "Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe. Aikin shekara biyar ne a jakar nan, gobe ake rufe karɓa a wurin abokan bincikenmu, kuma layinmu a mace yake. Kwana biyu na yi a hanya. Ba wurinsa na zo ba, waya mai rai na zo nema."

Dattijo ya ɗaga kai ya dubi allo, ya nemo jami'arta a can ƙurya. Kore shar.

"Amma ba ku shigar da ƙorafi ba," in ji Kore Shar. "Da kun bi tsari..."

"Ta ina?" in ji ta.

Dattijo ya dubi injiniyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kan wadda ta sunkuyar da kai.

"'Yata, akwai abin da ya kamata mu gani?"

Ta jawo aljihun tebur, ta fito da tsohuwar kwamfutar, ta jona ta da allo. Kusan rubu'in ƙasar ya yi jawur, hasken har ya taɓa fuskokin 'yan hukuma. Wani a cikinsu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan ja ne da ba a tantance ba," in ji Kore Shar. "A hukumance babu shi."

Ba wanda ya ko waiwaye shi. Dattijo na tambayar injiniya awa nawa gyaran zai ci, ta ce in an ba ta mota yanzu, kafin jibi an gama. Ya karɓi takardar neman motar ya sa hannu da kansa a kan gwiwarsa. Farfesa kuwa ta ja kujera ta zauna, ta ciro ƙaramin faifan da aikinta ke ciki, ta rasa inda za ta ajiye jaka, sai ta miƙa wa ƙaninta.

"Riƙe mini. Kuma matsa, kana tare wa masu aiki allo."

Ya matsa. Haka ya ƙare taron a jikin bango, rungume da jakar yayarsa, ƙashin bayan ilimin ƙasa guda, ba wanda ya tambaye shi ko da ƙarfe nawa.

Bayan mako ɗaya takardar hukuma ta iso. Ya buɗe ta a tsaye. Sun cika masa burinsa, sun cire masa "muƙaddashi". Sun haɗa da "darakta".