Ranar da na kama ɓarawon jinin Yaya

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na tara wa bawan Allah jama'a a ƙofar asibiti a Azare ba. Shekarar 2006 ce, ina koyarwa a firamare a Disina, kuma kimiyya nake koyarwa (ku riƙe wannan, don ku san girman abin kunyar).

Yayata Hauwa aka kwantar, ciwon daji ne a mama. Ni nake zirga-zirgar jinya. Bayan kwana bibbiyu sai wani dogon mutum mai farar riga, Malam Bukar, ya zo ya ɗebi jininta a 'yar kwalba, ya fice. Mace ta rame kamar sillen kara, amma kullum a zuƙe ta? Ga shi a gari ana ta raɗe-raɗin masu sayar da jinin marasa lafiya. Na fara sa masa ido. Hatta gaisuwarsa sai na ji kamar da wata a ƙasa.

"Yaya, mutumin nan bai kwanta min ba," na ce.

"Kai dai akwai zargi," ta ce. "Miƙo min ruwa."

Ranar Talata na bi bayansa. Maimakon ɗakin gwaji, sai na ga ya saka kwalbar a 'yar kula mai ƙanƙara, ya nufi bakin titi yana tsayar da ɗan acaɓa. Ai sai na ci kwalarsa.

"Jama'a ku taimaka! Ɓarawon jini!"

Kafin ka ce kwabo, masu lemo da masu jinya sun kewaye mu. Malam Bukar bai ko ɗaga murya ba. "Malam, sake ni, jinin zai lalace," kawai ya ce (ni kuwa na ce a raina, to, ya ma amsa laifi).

Aka kira likitar Yaya. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta yi min darasi a gaban kowa. Ta ce cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu toshe rauni su tsayar da zubar jini. Idan ciwon daji zai yi ƙaura zuwa huhu ko hanta, da su yake lulluɓa kamar bargo, ya wuce sojojin jiki ba su gane shi ba. In sun yi yawa, hankalin likita ya tashi. In magani ya rage su da yawa, Yaya na iya zubar da jini har ta mutu. Shi ya sa ake ƙirga su. Na'urar asibitin ta lalace, shi ne Malam Bukar yake kai jinin wani ɗakin gwaji a cikin gari.

"Kuma ledar jinin da aka ƙara wa yayarka makon jiya," ta ce, "jininsa ne, daga jikinsa aka ɗiba."

Na duba, har yanzu kwalarsa na hannuna. Na shiga gyara masa ita kamar tela.

An yi wa Yaya aiki, Allah ya ba ta lafiya, tana nan tana kirana ɗan sandan jini. Tun daga ranar, in zuciyata ta ce "kama shi", sai in ce mata bari dai mu fara da "Malam, don Allah ina za ka?"