Hallar da Na Kifa wa Akwatin Turumba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ruwa ya tashi dattawan unguwarmu daga kan tabarma. Ko na so in manta, matan garin nan ba za su bar ni ba.

Muna zaune ne a wani ƙauye kusa da Suki. Maigidana, Baban Ihsan, yana da lambun kuɓewa da albasa a bayan gida. Turumba ce, wato injin jan ruwa, take turo ruwa daga kogi ta bututu zuwa babban tankin da ke jikin katangarmu. A da sai ya gangara kogi ya kunna, ya hauro ya leƙa tanki, ya sake gangarawa ya kashe. Da ya gaji, sai ya shiga kallon bidiyo a waya, yana dawowa daga kasuwa da tarkacen rediyo. Daga ƙarshe ya haɗa ƙananan akwati biyu. Ɗaya a kan tanki da ƙwallon roba yana yawo a ruwa, ɗaya can gindin turumba. Idan tanki ya cika, na sama ya gaya wa na kogi ta iska, turumba ta tsaya da kanta.

Wannan "ta iska" ɗin ita ta hana ni sukuni.

Tagar ɗakina tana kallon tankin, Ihsan kuma lokacin ko zama ba ta fara ba. Ni irin uwar nan ce da ke kai yatsa hancin jaririya tana barci don in ji ko tana numfashi. Sai Gwaggo Batul, ƙanwar surukata, ta zo ta ga jar fitilar akwatin tana ƙiftawa.

"Wanga abu kusa da ɗiyarki?" ta ce. "Ke ba ki san iskar shabaka, irin ta wayar salula, ta maɗigar jariri take shiga ba? Wurin bai rufe ba fa."

Na taɓa tsakar kan Ihsan, na ji wurin yana bugawa a hankali.

Mai hankali mijinta za ta tambaya. Amma mutumin ya yi wata da watanni yana ƙona yatsu a kan abin nan, kuma na ji kunyar in buɗe baki ya ce ban yi makaranta ba (bai taɓa faɗa ba, ni ce nake faɗa wa kaina a madadinsa). Sai na yi dabarata. Duk tsakar rana idan Ihsan ta yi barci, in taka turmi, in miƙa hannu ta kan katanga, in kifa wa akwatin hallata, tukunyar dalma da nake miya a ciki. Idan ta farka in ɗauke. Tunanina, abin da ya tare tururin miya zai tare iska.

Ya kuwa tare ta.

Baban Ihsan ya fara dawowa yana tarar da tanki ya yi ambaliya har lungu. Ya zargi batir. Ya zargi zafin rana. Har akuyar maƙwabta ya zarga. Yana kwance akwatin a tsakar gida, ni ina kawo masa shayi ina cewa, "Ma'alesh, yi haƙuri, Allah zai nuna maka." Wallahi ban haɗa abin da hallata ba. (To, na ɗan haɗa. Sai na yi sauri na raba.)

Manoman unguwa suna da babbar turumba ta tarayya, sun kuma ce idan akwatinsa na aiki za su bar shi ya ɗora mata. Kawu Sanusi kaɗai ya ce wasan yara ne, ba za a ba mai gyaran rediyo amanar ruwan mutane ba. Aka sa ranar Juma'a bayan masallaci su zo su gani da idonsu.

Ranar tun safe nake kan tuyar kisra, siririyar wainar dawarmu, da miya, ga gahawa, ga Ihsan na rigima. Da ta yi barci, hannuna ya yi aikinsa da kansa. Na kifa halla, na koma murhu, na manta sarai.

Ta kafar ƙofar baya nake leƙensu. An shimfiɗa tabarmi a inuwar tanki, dattawa cikin fararen jallabiyoyi, Alhaji Tijjani shugabansu a tsakiya. Maigidana yana tsaye sai murmushi yake.

"Yanzu zai cika," ya ce. "Ba wanda zai taɓa komi. Ku saurari bututu, za ku ji ya yi shiru."

Suka saurara. Bututu bai yi shiru ba. Ruwa ya leƙo bakin tanki, ya gangaro jikin bango.

"Ɗan ƙara haƙuri, Alhaji."

"Muna haƙuri, ya zol, bawan Allah," in ji Kawu Sanusi, "amma ruwan bai yi ba."

Kafin ya rufe baki ruwa ya shigo ƙarƙashin tabarma. Takalma suka fara tafiya ba masu su. Alhaji Tijjani ya tattare jallabiya har gwiwa, kofin gahawa a hannu, yana neman tudu. Na kalli fuskar maigidana, na ga ta faɗi. Ya kama tsani ya hau. A daidai lokacin na juyo na ga gurbin hallata a madafi babu komi.

A garinmu kowace mace tana sa wa tukwanenta alama da fenti, saboda aron da ake yi ranar biki. Tawa kifi ne ja, wanda mata ke cewa ya fi kama da silifa. Ita maigidana ya ɗago daga kan akwatin, rana na haska kifin. Yana ɗagawa, bututu ya yi shiru ɗif.

"Hallar wa ce?" Alhaji ya tambaya.

Gwaggo Batul, wadda ta zo taya ni aiki, ta amsa ta kan katanga da ƙarfinta: "Ai kifin uwar Ihsan ne!"

Na so ƙasa ta buɗe. Maimakon haka bakina ne ya buɗe, daga bayan ƙofa na ce, "Saboda maɗigar yarinya ne, Baffa." Dariyar da aka yi sai da ta tashi Ihsan.

Alhaji ya ce, "Mayar da hallar mu gani." Aka rage ruwa, turumba ta tashi, aka kifa, tanki ya cika ta ƙi tsayawa. Aka ɗaga, ta tsaya. Kawu Sanusi da kansa ya hau tsani ya gwada, jiƙaƙƙen wandonsa na ɗiga. Ya sauko ya ce, "Kalas, shi ke nan, abin na aiki. A ɗora shi. Amma a nesa da madafin gidan nan."

Da baƙi suka tafi, Baban Ihsan ya ajiye hallar a gabana. Ya ce, "Batir nawa na canza saboda miyarki?" Washegari ya mayar da akwatin ɗaya gefen tankin, nesa da tagata, ba tare da na roƙa ba. Ungozomar asibiti ma ta ce ba abin da zai yi wa maɗiga.

Abin da na koya shi ne, kunyar tambayar mutum ɗaya a cikin ɗaki ta fi sauƙi a kan bayani ga unguwa guda ta bayan ƙofa. Yanzu ina tambaya. Na ma tambaye shi ko ƙyalle yana tare iskar, ya ce a'a. Don haka idan kin wuce ta bayan gidanmu kin ga akwati ɗaure da ɗankwali, ki wuce kawai.