Rasuwar Na'urar Faifai ta Falon Tsoho

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, tsohon malamin tarihi da ke gidan ƙarshen layi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta kallon faifai, wadda ta cika da yammacin Asabar da ta wuce, a kan kantar da ta yi rayuwarta duka, da faifai a cikinta.

Marigayiyar 'yar dangi ce. Kakanta majigi ne, mahaifiyarta kuwa bidiyo mai kaset, wadda ita ma a falon nan ta ƙare kwanakinta. Ba don finafinan zane aka kawo ta ba. An saye ta ne don shirye-shiryen tarihin yaƙe-yaƙe, har ranar da jikar tsohon, wadda yake kira Mai Gardama, ta shigo da wani faifai na zanen Japan, abin da tsararta ke kira anime, ta ce ko minti biyar ya daure ya gani. Ya zauna da niyyar kushewa. Ya kuwa kushe, domin an sa wa jarumin sulken wani ƙarni, an ba shi takobin wani ƙarnin dabam. Amma da Asabar ta zagayo, shi ya fara tambayar ina faifan.

Babbar nagartar marigayiyar ita ce rauninta. Tun tana sabuwa ba ta iya wuce kashi ɗaya ba tare da jikinta ya ɗau zafi ba. Sai ta yi ƙirrr, ta yi tak, ta tsaya cak, kuma babu lallashin da zai tashe ta sai ta huce a gaban fanka. A wannan hutun nata ne kaka da jika suke taunar abin da suka gani. Me ya sa jarumin bai amsa wa ƙanwarsa ba? Don me mai zanen ya tsaya yana nuna ruwan sama na zuba a kan rufi, ba wanda ya ce uffan? Sukan kwashe mako guda kowa na juya tambayar a ransa. Takan ce, "Tsoho, kai da na'urar taka duk ku biyun fanka kuke buƙata." Yakan ce ita kuma birki. A haka suka raka labari ɗaya tun tana sakandare har ta fara aiki.

Jinyar ajali ba ta yi tsawo ba. Mai Gardama ta zo a gaggauce, jakar aiki a kafaɗa, ta ce abokan aikinta duk sun gama labarin tuntuni, har sun cinye wasu goma a bayansa, kuma ta gaji da toshe kunne a ofis. Yau sai an ƙare. Kashi shida suka rage. Da marigayiyar ta yi ƙirrr ɗinta na farko, aka kashe ta aka sake kunnawa. Da aka zo inda ruwan sama ke zuba, aka danna rimot aka tsallake, wai babu abin da ke faruwa a wurin. Marigayiyar ta yi biyayya iyakar ƙarfinta. Ta haɗiye faifan ƙarshe, ta yi wani dogon zuuu da ba a taɓa ji daga gare ta ba, falon ya ɗau ƙaurin roba, ɗan koren idonta ya mutu.

Don kada tarihi ya zama da giɓi, ya wajaba a rubuta abin da ya biyo baya. Jikar ta ciro wayarta, ta ninka saurin hoton har muryoyin suka koma na ɓeraye, ta kalli ƙarshen a tsaye. Tsohon ya fita baranda don kada ya ji. Da ta fito ta ce, "Ba laifi. In gaya maka yadda ta kaya?" Ya ce a'a. Ta ce za ta turo masa sunayen wasu sababbi, ta tafi.

Marigayiyar ta bar rimot ɗaure da kyauro, da talabijin wadda yanzu take zaman takaba, da kwali biyu na faifai marayu, da fanka da ba ta san wa za ta yi wa fifita ba. Ta kuma bar tsoho ɗaya wanda bai damu da na'ura ba kamar yadda ya damu da Asabar, domin bai san da wace hujja zai ƙara tsayar da jikarsa awa biyu a falonsa ba.

Za a kai gawar shagon mai gyara da ke bakin kasuwa ranar Litinin da hantsi, inda za a buɗe cikinta a ciro faifan, sannan a miƙa sauran ga masu sayen tsoffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a falo. Ana roƙon duk wanda ya san ƙarshen labarin ya yi gaisuwarsa ya kama bakinsa. Wani maƙwabci ya yi alkawarin aron tasa na'urar, amma ba za a kunna ta ba tukuna. Wanda ya haɗu da Mai Gardama ya shaida mata cewa kakanta bai kalli kashin ƙarshe ba, kuma ba zai kalle shi shi kaɗai ba.