Ranar da Wayar Mikro Ta Ɓata Hanya

Jama'a, yau da ƙonannen yatsa nake muku rubutu, kuma wai ni ne babban mai laifi a garinmu, can bayan Karofane. Ku gyara zama ku ji.

Ni ke haɗa amsa-kuwwa in ana suna ko wa'azi. To sai Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya aiko zai taho buɗe pompon da anka gina muna. Pompo kam ya yi kyau, ya sha fenti, abu guda ya rasa: ruwa. Matanmu har yau gulbi suke zuwa tonon rairayi da ƙwarya, su dawo rana tsaka ƙafa duk faso. Sai sunka ɗora ma shugabarsu, Inna Fatsima, ta faɗa mishi ido da ido.

Da hantsi na hau gawo na ɗaure amsa-kuwwa, na jawo waya zuwa bayan amfili, akwatin ƙara sauti, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Maƙwabcina Surajo na faman tada gurup, injin wuta, da ɗan esansin da ya wuni layi gidan mai kafin ya samu. Sai ga wani mai kwat da karabat ɗaure a wuya, ɗan gaban goshin Mai Girma, ya miƙo min mikro biyu.

Ya ce, "Wanga na Mai Girma ne, soka shi ga amfili. Wanga na talakawa ne, tura wayarshi ƙarƙashin tabarma."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tabarma ba ta da kuran, ba lantarki cikinta."

Ya ce, "Haka muke yi ko'ina. Kowa ya faɗi ra'ayinshi, ba mu takura ma kowa."

Kai, Allah ya ƙara ma manyanmu basira! To ni dai wayoyin mikron nan duka baƙaƙe ne, ga rana, ga amfili ya lashe min yatsa. Wadda ta zo hannuna ita na soka. Ko gaban alƙali haka zan ce.

Mai Girma ya miƙe ya kama jawabi. Baki na motsi, babbar riga na tashi, amsa-kuwwa shiru. Wallahi ba wanda ya lura! In ya ɗaga yatsa mu tafa, in ya dafa ƙirji mata su rangaɗa guɗa. Surajo na fassara min a kunne: "Yanzu yana kan alkawarin gudron, hanyar kwalta. Ya shiga gidan likita. Saura lakkwal ta yara 'yan boko." Ashe tun zaɓen da ya wuce ya haddace. Mai karabat har da share hawaye.

Sannan anka ba Inna Fatsima mikron talakawa. Ta hura shi sau ɗaya, jakunan bakin kasuwa sunka zabura.

"Ranka ya daɗe, pompon ga busasshe ne! Ɗan ruwan da za ka gani in ka murɗa, mu anka sa munka ɗebo daga gulbi jiya, anka zuba a tanki. Mun gaji, wuyanmu ya ƙage!"

Har ƙauyen gaba sun ji. Raina ya yi fari, ba zan ɓoye muku ba. Nan take Mai Girma ya tuna da wani taron gaggawa a birni, motoci sunka juya.

Amma kada ku ce manya ba su aiki. Sati bai zagayo ba sai ga komisiyon na masu bincike, mota cike. Na ce madalla, an zo duba pompo. Ina! Waya anka zo bincike. Sunka zaunar da ni gindin gawo, wa ya soka, mi ya sa ya soka, har rana ta take, maƙoshi ya bushe. Shugabansu ya ce a taimaka mishi da ruwa.

Inna Fatsima ta miƙa mishi ƙwarya ba kome ciki, ta nuna da haɓa. "Ga shi can, ɗana. Sabo ne, ku kunka buɗe shi."

Har na gama naɗe wayoyina bawan Allah yana can duƙe, yana murɗawa yana kara kunne. Iska dai tana fitowa, alhamdu lillahi, kuma ita kam ba ta bukatar amfili.