Firijin Kyauta da Tagar Bayan Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wayar ofishinmu ta yi ƙara ina zaune ni kaɗai. A farkon shekarun casa'in ne, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin gona a Kontagora, ko shekara ban cika da aure ba. Wayar nan baƙa ce, mai nauyi kamar dutsen niƙa, irin wadda ake zura yatsa a juya lamba, kuma a kan teburin shugabanmu take. Sai ta daɗe ba ta ce uffan ba. In kuwa ta yi magana, to daga Minna ne, kuma faɗa ne. Ran nan shugaba ya tafi duba gonaki wajen Zugurma, sai na gyara murya na ɗauka.

Muryar mace na ji, da Turanci mai santsi, tana sirkawa da Hausa tsinci-tsinci. Ta tambaya da wa take magana. Na faɗa mata sunana har da na mahaifina. Sai ta yi wata 'yar ƙara ta murna ta ce, "Kai muke nema tun safe! Ina taya ka murna, yallaɓai, sunanka ne ya fito!"

(Eh, na sani. Ni na ba ta sunan da bakina. Sai da aka kwana biyu kafin wannan ya faɗo mini a rai.)

Ta ce kamfaninsu daga Legas ya zo, ya zaɓi wasu manyan mutanen gari zai yi musu kyauta: ko firiji, ko talabijin mai kala, ko wata kyauta ta musamman. Ko kwabo ba zan biya ba. Abin da ake so kawai in zo wani otal ranar Asabar da safe, tare da maiɗakina, mu saurari ɗan gajeren bayani, mu ɗauki kayanmu. Ni dai tunda uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa ce mini yallaɓai, sai dai ni in ce wa wani. Kuma cikin duk abin da ta lissafa, kunnena firiji kaɗai ya riƙe, ya watsar da sauran.

Da na isa gida na faɗa wa matata Rabi, sai ta ajiye muciya ta dube ni. "Malam, me ka yi musu?"

"Ba abin da na yi. Rabo ne."

"Rabo kuma ta waya?"

Na ce mata ai zamani ya canza, ita da ta tashi a ƙauyen Sahon Rami ba za ta gane harkar kamfani ba. (Ni da na gane, za ku ji inda ganewar ta kai ni.) Ba a jima ba zumuɗina ya kama ta. Lokacin bazara ne, ga azumi na matsowa, ta fara tsara yadda za ta riƙa ƙulla zoɓo da kunun aya tana sayarwa da sanyinsu. Muka janye gado, muka share gurbi kusa da soket. Kafin Juma'a duk layinmu sun ji labari, har matar maƙwabcinmu ta roƙi a bar mata ɗan wuri na ajiye nama.

Saura yadda za a ɗauko. Babur ɗina ba zai iya ba. Rabi ta aika wa mahaifinta, wanda yake kawo doya kasuwa a cikin a-kori-kurarsa, ko zai ara mana motar da direba. To, ku da kuka san tsakanin mutum da surukinsa kun san zancen. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Na ɗauka direba kawai zai turo. Ranar Asabar sai ga Baba da kansa a gidan gaba, ga direbansa Ɗanjuma, ga ƙarti biyu masu dako a baya, ga igiya, ga tsohuwar katifa da za a kwantar da firiji kada ya ƙuje.

"Abin arziki ai ba a aike," in ji shi. "In mun isa ku shiga, muna nan waje."

Na saka babbar rigar aurena, na kafa hula, na goya Rabi, mota na biye da mu, na ajiye babur a ƙofar otal, muka shiga.

Babban ɗaki ne, an jera ƙananan tebura, kowane tebur miji da mata da mutum ɗaya mai kwat. Kiɗa na tashi, an ajiye mana lemo mai sanyi. Na waiga ko'ina ina neman firiji, sai na hango guda ɗaya can kan dandamali, an ɗaura masa jan ƙyalle. Na taɓa Rabi na ce, "Ga shi can." Ta ce, "Ɗaya ne fa, Malam. Dubi yawan mutanen." Na yi kamar ban ji ba.

Mai kwat ɗinmu saurayi ne, gumi na zuba masa amma murmushi bai bar fuskarsa ba. Ya buɗe wani kundin hotuna ya fara bayani. Ashe wani kulob ne suke da shi na manyan mutane. In ka zama memba, za ka riƙa sayen kayan Legas da rahusa, ka kwana a manyan otal-otal a Jos da Fatakwal kusan kyauta, ka kai iyali bakin teku su sha iska. (Ni da ban taɓa tsallake Jebba ba.) Na yi ta gyaɗa kai ina "Lallai, lallai," ina jiran a zo wurin firiji. Gajeren bayanin nan ya miƙe har rana ta take. Daga ƙarshe ya sassauta murya ya faɗi kuɗin shiga. Ko na daina ci da sha, sai na yi watanni kafin albashina ya kai wurin.

Na ce, "To, zan je in yi shawara."

"Yallaɓai, yau kaɗai ne wannan farashin. Gobe ya ninka."

Na ce ban fito da kuɗi ba. Sai ya ɗaga hannu, manaja ya zo, wani mai ƙaton tumbi da zobe a kowane yatsa. Ya ja kujera ya zauna dab da ni har gwiwarmu na gogar juna. Ya ce shi bai saba yi wa kowa haka ba, amma ya ga ni mutum ne mai hangen nesa. Wancan babur na ƙofa nawa ne? To, in bar shi a matsayin kafin alƙalami, sauran a riƙa biya a hankali.

Can wani tebur aka kaɗa ƙararrawa, ɗakin ya kaure da tafi, aka faɗi sunan wani a lasifika wai ya shiga sahun manya. Manaja ya juya wajen Rabi ya ce, "Hajiya, kin ga wancan ya san darajar matarsa. Ke ba kya son maigida ya fita kunyarki?"

Rabi ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Zuciyata tana ta ce mini ka ce a'a, amma bakina ya ƙi. Yaya za a yi mutumin da aka wuni ana ce wa yallaɓai, ya sha lemon mutane, ya buɗe baki ya ce shi talaka ne? Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ya ɗora makullin babur a kan tebur ba. Kafin in ce wani abu an kaɗa ƙararrawa. Aka tafa mini. Aka faɗi sunana a lasifika, har da na mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Manaja ya ce in taso mu shiga ciki in sa hannu. A nan ne hankalina ya dawo gaba ɗaya. Babur ɗin nan da shi nake zuwa aiki, da shi nake bin hanyoyin dajin Mashegu wurin manoma. Na dubi ƙofa, na ga wani gabjejen mai gadi ya harɗe hannu a ƙirji. Na ce a raina wannan ba zai bar ni in fita ba sai na sa hannu. Sai na ce, "A yi mini uzuri, zan kama ruwa."

Bayan gidan yana da wata 'yar taga can sama. Na dube ta, ta dube ni. Dabarar da na ƙulla ita ce in fice ta nan, in zagaya gaba, in aika a kira mini Rabi. (Makullin fa? Matar da na bari a hannun manaja fa? Kada ku tambaye ni. Mai gudu ba ya lissafi.) Na kife bokiti, na taka, na zura kai, na zura kafaɗu, na tura ƙirji. Da aka zo wajen ƙugu sai taga ta ce iyakarka ke nan. Na yunƙura in koma, bokitin ya ture ya gangara. Babbar riga ta naɗe a wani ƙarfe. Ga rabina a waje, ga rabina a ciki, ƙafafuna na harbin iska.

Hulata ta faɗi, ta yi ta mirginawa. Na bi ta da ido har ta tsaya a gindin wani mangwaro, daidai ƙafar mutum.

Ashe da rana ta yi zafi, sun matsar da motar bayan otal neman inuwa. Baba ne zaune a kan buzu yana jan carbi, Ɗanjuma da masu dako suna shan rake. Dukansu suka ɗago kai. Wannan ne karo na farko da na haɗa ido da surukina, kuma ta tagar bayan gida na yi shi.

Na so in gaishe shi, to amma yaya mutum zai durƙusa yana rataye? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina wuni?"

Ɗaya daga masu dakon ya ƙware da rake. Baba bai yi dariya ba. Ya mayar da idonsa kan ganyen mangwaro, ya miƙe a hankali, ya ɗauki butarsa.

"Ɗanjuma," ya ce, "kamar na ji muryar wani bawan Allah yana neman taimako. Idon nan nawa ba ya gani sosai yanzu, ban gane ko wane ne ba. Ku duba shi. Ni zan zagaya in yi alwala."

Ya tafi bai waiwayo ba. Ɗanjuma ya yo baya da mota har ƙarƙashin tagar, ƙartin nan suka hau, kowa ya kama hannu ɗaya. "Malam, saki numfashi!" Suka ja. Na ji ƙyaaat, rigar aurena ta rabu biyu, tazuge ya tsinke, na faɗo tim a kan katifar da aka tanadar wa firiji, ina riƙe da wando da hannu bibbiyu.

Ina nan kwance sai ga Rabi ta ɓullo ta kwanar gini, tana tafiyarta a natse. A hannu ɗaya makullin babur, a ɗayan wata 'yar roba shuɗiya mai ramuka, irin wadda ake zuba ruwa a sa a firiji ya zama ƙanƙara. Kyautar ta musamman ke nan.

"Ta ina kika fito?" na tambaye ta.

"Ta ƙofa mana."

"Suka bar ki?"

"Da na ga ka daɗe, sai na ɗauki makulli na ce musu ba ma so. Manaja ya ce ai maigida ya yarda. Na ce to maigida ba ya nan, ni kuma ban yarda ba, a ba mu kyautar da aka ce. Ya yi ta magana, na yi ta cewa ba ma so, har ya gaji."

"Mai gadin fa?"

"Shi ya buɗe mini ƙofa. Har da a sauka lafiya."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, dariya na neman ƙwace mata, amma ta daure. Ta cire gyalenta ta miƙo mini na ɗaura.

Da Baba ya dawo, sai ya yi mini sallama kamar yanzu ya fara ganina. "Malam, an fito? Ya taro?" Ya karɓi robar nan ya jujjuya ta, ya ce, "Masha Allah. Ai kayan gida a hankali ake tara su." Sannan ya sa aka sauke mana doyar da ta rage a motar a ƙofar gida, don kada maƙwabta su ga mota ta dawo wayam. Har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa.

Ba a daɗe ba mutanen kulob suka tattara suka bar gari. Na san wani malamin makaranta, mutumin kirki, da ya sa hannu ran nan, ya daɗe yana zuwa aiki a ƙasa. Ban taɓa yi masa dariya ba. Na san kujerar da ya zauna, na san yadda ake ji in an tafa wa mutum a gaban matarsa.

Abin da na koya shi ne, kalmar "a'a" tana da nauyi a baki, amma ta fi ƙugun mutum saurin wucewa. Yanzu in wani ya fara yi mini daɗin baki a kan abin da ba ni da halinsa, sai in gyara zama in ce, "Ba ni da shi, kuma ba na so." Kunyar ba ta wuce ta ɗan lokaci, kuma wandonka na jikinka.