Sanarwar Rasuwar Laftof Ɗina, Wadda Ba Ni Na Kashe Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar laftof ɗina, bayan jinyar mako uku. Shekara tara tana buga mini tambayoyin jarrabawa, ba ta taɓa tsegunta wa ɗalibi ko ɗaya ba.

Ciwon ya soma ne ranar da na jona mata babban allo ta igiyar USB, saboda haruffanta sun ƙanƙance. Mai ɗakina ta ce idona ne ya tsufa, in je a yanka mini tabarau. Ban amsa ba, don ba a musu a gaban mara lafiya.

Da an jona allon sai jikinta ya ɗau zafi, fankarta ta kama kuka, fuuu, fuuu. Na sauya igiya sau uku. Na ɗora ta kan murafun kwalba huɗu. Na ɗauke fankar falo na kafa mata, iyali suka yi gumi na kwana biyar, har yau ana yi mini gori. Ranar Talata na shimfiɗa mata ƙanƙara a leda. Ta ce ƙit, ta yi shiru.

Mai gyara ya buɗe ta, ya ce salatif ɗin da na liƙe ƙofofin iskarta da shi ne ya shaƙe ta, raɓar ƙanƙara ta ƙarasa. Ina sanar da jama'a cewa don ƙura na liƙe su, kuma ko ƙwayar ƙura bai samu a cikinta ba. Da tsabtarta ta tafi.

Ta bar caja mai ɗaurin roba, da jaka, da babban allon da ake zargi, wanda ke nan kan tebur ko ɗumi bai yi ba.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar da hantsi, saman kabad, kusa da tsohuwar rediyo. Ana karɓar gaisuwa a falo, fanka ta koma wurinta. Mai zuwa da maganar likitan ido ya tsaya a ƙofa.

Mai ɗakina ce ta buga wannan sanarwa a wayarta, ina faɗa tana rubutawa, domin haruffan wayoyin bana ma sun ƙanƙance.